Zagayen Fili Ba Ya Gina Numfashin Yaro Ɗan Ƙwallo

A filayen unguwa na Jidda da Makka, har yau koci yakan ce wa yara su zagaya fili sau goma kafin a taɓa ƙwallo. Gudun da yaro zai yi yana hira da abokinsa, in ya saba da shi, ba ya ƙara masa wani abu mai yawa. Zuciya sai an matsa mata take ƙara ƙarfi.

A 2001 masu bincike a Norway sun gwada wani tsari a kan matasan 'yan ƙwallo: gudu mai ƙarfi na minti 4, sassarfa ta minti 3, a maimaita sau 4, sau biyu a mako har mako 8. Iskar da jikinsu ke iya amfani da ita ta ƙaru da kusan kashi 11 cikin ɗari, tazarar da suke ci a wasa kuma da kashi 20.

Sirrin yana wajen ƙarfin gudun. Ana son bugun zuciya ya kai kashi 90 zuwa 95 na ƙololuwarsa. Ga ɗan shekara 16, ƙololuwar tana wajen 200, wato ana neman 180 zuwa 190 a minti. Da ya tsaya, ya sa yatsa biyu a gefen wuya ya ƙirga bugun na daƙiƙa 15. 45 zuwa 47 ake so. Matsalar yara ita ce su fice da ƙarfinsu duka a mintin farko, sai ka ga sun galabaita kafin na uku. A fara da nutsuwa, a kai matakin a minti na biyu, a riƙe shi.

Ana iya yinsa da ƙwallo, huɗu-da-huɗu a fili mai mita 30 da 40, da ƙwallaye a gefe don kada wasa ya tsaya. Malalaci yakan ɓuya a baya, don haka a kafa doka: ba a ƙirga ci sai duk 'yan ƙungiyar sun tsallake tsakiya.

Zafin Jidda akwai laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. A bari sai bayan Isha'i, da azumi kuma bayan Tarawihi. A auna nauyin yaro kafin da bayan atisaye. Kowane kilo ɗaya da ya ragu, ya sha ruwa kusan lita ɗaya da rabi a hankali. Jiri, ciwon kai ko ruɗewa, a kai shi inuwa a zuba masa ruwan sanyi nan take. Yaron da ke cikin shekarun ƙara tsawo kuma yana kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, a rage masa gudu, kuma a raba shi da kwalta.