Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Gayya a Gonar Gwauruwa

A makon jiya na tsaya a inda aka sallame mu daga masaƙa a Kaduna, na tattara komatsaina na hau motar Kontagora, daga can na kama ta Zuru. Farkon daminar 1991 ke nan, shekarar da Janar Babangida ya yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. Na iso gida da jaka ɗaya da ƙaramar rediyo. Ni da na saba aiko wa iyaye kuɗin taki, ga ni ina sa hannu a akushinsu.

Ina zuwa sujada ranar Lahadi, amma jikina ne kawai ke kan benci. Addu'ata guda ce safe da dare: Ubangiji, ka nuna mini alama. Alamar da nake jira kuwa takardar kiran aiki ce, ko mafarki, ko wani baƙon mai wa'azi ya nuna ni da yatsa a tsakiyar taro. Shiru kake ji.

Wata Lahadi aka yi sanarwa cewa Zumuntar Maza za ta yi gayya ranar Asabar a gonar wata gwauruwa, ta hanyar Dabai. Mijinta ya rasu da rani, ciyawa ta kusa shanye dawarta, ko firi ba a yi ba. Noman taro ba baƙon mutanen ƙasar Zuru ba ne, kakanninmu da golmo suka yi aure, saurayi da abokansa suna yi wa surukai noma shekara da shekaru. Duk da haka raina bai so zuwa ba. Da asuba na tarar mahaifina ya jingina fartanya a bakin ɗakina, bai ce mini uffan ba.

Da aka raba kunyoyi, sai na faɗo kusa da wani dattijon ikilisiyarmu, tsohon soja ne da ya yi Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970, ya dawo da ɗingishi. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo, ina noma ina tsaki. Can na ga dattijon ya durƙusa, ya ajiye fartanya, yana janye ciyawa da yatsu daga gindin wani tsiro.

"Ɗana, matso ka gani."

"Na'am, Baba."

"Mai gonar nan yana kabari. Matarsa ta zuba iri tana kuka, rabi ma ba ta binne da kyau ba. To, wa ya kwana a nan ya fasa ƙwayar, ya ce wa saiwa ta yi ƙasa, ganye ya yi sama?"

Na ce, "Ruwan sama ne, Baba."

"Ruwan kuma na wa?"

Na yi shiru. Ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe gwiwa, ya tuna mini da Yakubu a Farawa sura 28, lokacin da yake gudun ɗan'uwansa Isuwa, ya yi matashi da dutse, ya farka ya ce ashe Ubangiji yana wurin shi bai sani ba. "A daji ya kwana fa, ɗana, ba majami'a kusa. Kai ma tun safe kake aiki a gefensa kana huci." Ya ce shi a ramin yaƙi ya koyi wannan, ranar da gorar ruwansa ta ƙare, wani soja da ko sunansa bai sani ba ya miƙo masa tasa.

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma har yau ina ganin ciwonmu ne mu maza. Muna auna kusancin Allah da abin da ke aljihu. Albashi na shigowa, sai mu tashi ba da shaida. Ya tsaya, sai mu ce an juya mana baya. Alhali tuwon da mahaifiyata ke ajiye mini kowane dare ba ta taɓa gorantawa ba, ni kuwa ban taɓa lissafa shi cikin amsar addu'a ba.

Da rana ta take, matan zumunta suka kawo kunu a manyan ƙore. Muna sha sai ga maƙwabcin gonar, Musulmi, da 'ya'yansa maza biyu da fartanyoyinsu. Ya ce marigayin ya taɓa taya shi girbi a shekarar da ya kwanta ciwo. Kafin la'asar mun kai ƙarshen gonar. Gwauruwar ta durƙusa za ta yi godiya, kuka ya hana ta, dattijon ya cire hula ya yi mana addu'a gajeriya.

Da dare na kunna aci-bal-bal na buɗe Markus sura 4, wajen misalin mutumin da ya watsa iri, yana barci yana tashi, irin yana tsiro yana girma bai san yadda aka yi ba. Na karanta sau uku. Asabar ta gaba na koma gonar ni kaɗai, na kafa kara kusa da tsiron nan na yi masa shaida da wuƙa. Bayan kwana bakwai dawar ta wuce shaidar da kusan taƙi guda.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, zan ba da labarin yadda na karɓi aron gona a bakin fadama, da wuta-wutar da ta kusa sa ni komawa Kaduna.