Abin da allunan Sant Katrin suka koya mini

A shekarata ta biyu ta karatun adana kayan tarihi a Alƙahira, malaminmu ya ba kowane ɗalibi wuri guda, ya ce ya bi diddigin yadda kayan wurin suka kai zamaninmu. Ni aka ba ni gidan ruhubanawan Kirista na Sant Katrin, da ke gindin Dutsen Sinai, Ɗuri Sinina, inda Allah ya yi magana da Annabi Musa. Da farko raina bai so ba. Tsofaffin takardun ajami da na Larabci ne suka kai ni Masar, wurin kuwa cike yake da allunan katako masu zanen hotunan ibada, kuma a tarbiyyarmu ba a zana siffar annabawa. Duk da haka na zauna na karanta, daga baya na je na gani da idona.

Sarkin Rum Jastiniyan ne ya gina wurin tsakanin 548 da 565, kuma har yau ruhubanawa na zaune a ciki. Suna riƙe da allunan katako masu zane sama da 2,000. Mafi tsufa na ƙarni na 6 ne, an yi su da kakin zuma da aka narka aka gauraya da launi, aka shafa da zafinsa. Irinsu ƙalilan ne suka rage a duniya, domin daga wajen 726 zuwa 843, da ɗan hutu a tsakani, sarakunan Rum da ke mulki daga birnin Kustantiniyya sun sa an farfasa ko an ƙone hotunan ibada a ƙasarsu. To me ya hana hannunsu kaiwa Sinai? Tun wajen 640 yankin ya koma ƙarƙashin mulkin Musulmi, umarnin sarkin Rum ba ya aiki a can.

Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Mutanen da ba sa yin hoto a ibadarsu, a inuwarsu hotunan suka tsira. A cikin ganuwar akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyyawa, dab da cocin. Ruhubanawan suna ajiye da kwafin takardar amana da suka ce Manzon Allah (SAW) ya ba magabatansu, kuma Larabawan ƙabilar Jabaliyya sun yi ɗaruruwan shekaru suna gadi da hidimar wurin. Busasshiyar iskar hamada ta taimaka, ba shakka, don danshi ne ke ruɓar da katako. Amma iska ba ta tare mai gatari. Maƙwabta ne suka tare shi.

Akwai allo guda mai siffar Almasihu da masana suka daɗe suna ɗauka na ƙarni na 13 ne, saboda wani ya sake shafa masa fenti a sama. Sai a 1962 da aka goge shi a hankali, zanen asali na ƙarni na 6 ya fito. Tun daga nan na daina yanke wa takarda shekaru daga ganin bangonta. Na taɓa yin wannan kuskuren a kan wani kundi da aka sake wa gafaka, na ce sabo ne, ashe tawadar ciki ta girmi kakana.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ɓarnar da ta zo ta hannun baƙi masu ilimi. A tsakiyar ƙarni na 19 wani malamin cocin Rasha, Porfiri Uspenski, ya tafi da huɗu daga allunan kakin zuman, daga baya suka shiga wani gidan tarihi a Kiyef, babban birnin Ukraine. Abin da ya tsallake wutar sarakuna, sai ga shi ya fita a jakar mai bincike.

Yanzu da na dawo gida ina aikin tattara bayanan tsofaffin littattafai a zaurukan malamai, ba na cewa a ba ni in tafi da su. Ina zuwa da kyamarata, in durƙusa in gaida mai gida, in fara tambayarsa wa ya rubuta, wa ya gada, wa ya fitar da adakar lokacin da ruwa ya ci ɗakin. Makon jiya wata tsohuwa ta lissafo mini mutum biyar da littafin mijinta ya bi ta hannunsu, na rubuta sunayensu kafin in buɗe shafin farko.