Saƙon godiya bayan zagayen zumuncin Kano, Maraɗi, Damagaram da Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, baffanni da gwaggwanni, kawunnai da innoni, yayye da ƙanne na kusa da na nesa, muna sanar da ku cewa ayarin ƙarshe na masu zagayen zumunci ya sauka Kano lafiya. Alhamdu lillahi. A madadin kwamitin da dattawan zuri'a suka ɗora wa wannan aiki muna miƙa godiya, kuma za mu yi ta dalla-dalla, kowa da abin da ya yi, tunda wasu dangogin sun fara tambayarmu yadda aka tsara tafiyar.

Kowa ya san yadda bashin zumunci ya taru. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Sai Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari, Jibiya kuwa ta jira har Afrilu 2022. A tsakani ga korona, wadda ta sa Gana ta rufe nata iyakokin daga Maris 2020 zuwa Maris 2022. An fara numfasawa ke nan sai ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ga cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, sannan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, wanda ya sa aka sake datse iyaka har Maris 2024. A cikin waɗannan shekaru an yi rasuwa, an yi haihuwa, an ɗaura aure, an kwanta asibiti, duk ta waya muka yi wa juna. Ita kuwa waya ba ta sauke nauyi, domin zumunci a ƙafa yake.

Godiyarmu ta farko ga iyayenmu mata ne, waɗanda suka zauna aka rubuta littafin bashin. Maza sun san an yi rasuwa, amma gwaggo ce ta san wace ce ta yi takaba, ina ta koma bayan ta fita, 'ya'ya nawa aka bari, kuma a hannun wa suke yanzu. An ba kowane gari shafukansa, kowane gida layinsa: sunan mai gida, waɗanda suka rasu, masu jinya, yaran da aka haifa, 'yan matan da aka aurar da unguwar da aka kai su. An rubuta sunan yanka na kowane yaro tare da wanda ake kiran sa da shi, saboda yawancin waɗanda aka haifa a shekarun nan sunan mamatan suka ci, a gida ɗaya sai ka tarar da Abba biyu da Ummi biyu. In ba a bambance ba, rigar wani sai ta tafi ga wani, uwar da aka tsallake kuma ba za ta ce komai ba, ba za ta manta ba.

Daga littafin aka fitar da jerin shiga gidaje, kuma a nan ne dattawa suka fi taimakawa. Ana fara sauka ne gidan babban zuri'a na garin, ko da kuwa gidan ƙaninsa ya fi kusa da tasha kuma ya fi ɗakuna. Daga nan sai ta'aziyya, sai dubiya, sai barka, Allah-sanya-alheri ne na ƙarshe. Ba a shiga gidan amarya da turamen atamfa alhali maƙwabcin gidan da aka yi rashi bai ga ƙafar kowa ba. Tsohuwar ta'aziyya kuma gajeriya ake yin ta: maza a zaure ko ƙofar gida, mata a ciki, a yi addu'a, a ba da haƙuri, a miƙa wa uwar marayu abin da aka tanada a hannunta, a tashi. Dogon zama da tambayar yadda ciwon ya fara fama miki ne kawai. Matar da ta sake aure, a nemi izinin mijinta kafin a je, a kuma fara gaida surukarta. Muna yi wa Baffa babba godiya ta musamman kan sharaɗin da ya kafa tun kafin a tashi, cewa babu mai ɗaga maganar gado ko tsohuwar rigimar gona a wannan zagaye. Wanda ke da magana ya ajiye ta, a sa mata rana daban. Mu dai a ganinmu wannan sharaɗi shi ya sa aka rabu da kowa ana dariya.

Sai matasan da suka ɗauki wahalar takardu. Sun bi masu tafiya ɗaya bayan ɗaya tun da sauran lokaci, suka duba cewa fasfon kowa yana da sauran aƙalla wata shida da shafukan da ba a buga wa hatimi ba. Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a ranar 29 ga Janairu 2025, tun daga nan kuma abin da ake nema a bakin iyaka yakan sauya, don haka suka ce kowa ya riƙe fasfo na ƙasa da ƙasa, kada ya dogara da katin ɗan ƙasa kaɗai, a kuma tambayi direbobin hanyar a cikin makon da za a tashi. Katin rigakafin shawara shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi. Allurar sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin ta, saboda haka wanda ya je ana gobe tafiya bai yi komai ba. Tsofaffin da suka haura shekara 60 da ba su taɓa yi ba, sai da likita ya duba su tukuna. Yaron da zai bi kakarsa ko gwaggonsa an haɗa masa takardar haihuwa da wasiƙar amincewar mahaifinsa mai ɗauke da lambar waya. Jami'an iyaka suna sa ido kan safarar yara, kuma suna da gaskiya. "Ai jikana ne" ba hujja ba ce. Masu hawan jini da ciwon sukari an sa su riƙe maganin da zai kai su har dawowa da ƙarin na mako guda, a cikin kwalinsa na asali, ba a ƙulle a leda ba.

Ma'ajin kwamiti da 'yan uwanmu na kasuwar canji ta Wapa, Allah ya saka da alheri. Shawararsu ita ce a canza mafi yawan kuɗin tun a gida, a nemi ƙananan takardu, a raba su hannun mutum biyu ko uku a kowane ayari. Sefar Nijar ita ce ta Benin da Togo, don haka ragowar masu zuwa Maraɗi ta yi wa masu zuwa Gana amfani a hanya. Sefar Kamaru da Chadi kuwa daban take, darajarsu ɗaya amma ba a karɓar wannan a madadin waccan, sai a lura wajen canji. Sun kuma zaunar da yaranmu suka koya musu lissafin kasuwar Nijar, inda dala take sefa biyar. In mai kilishi ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, jika kuma sefa 1,000 ce. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka ya tsinci araha, a ƙare da jayayya a gaban jama'a.

Direbobi da masu rakiya, mun gode. Ayarin Nijar ya tashi daga Ƙofar Ruwa zuwa Katsina, ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa ya shiga Maraɗi. Daga can ya miƙe gabas ta Tasawa zuwa Damagaram, ya dawo ta Matamai da Kwangwalam da Daura, ba a maimaita hanya ba. Ƙa'idar da direbobin suka kafa ba a karya ta ba: a tashi bayan asuba, a tsallake iyaka da hantsi, kada magariba ta riski kowa a daji. Hanyar Katsina zuwa Jibiya gajeriya ce, amma shingaye sun yi mata yawa, ga matsalar tsaro, don haka lokacin da taswirar waya take nunawa ba abin dogaro ba ne. An zaɓi bayan kaka ne da gangan: hanya ta bushe, rumbuna da hatsi, yara na hutun makaranta, zafin bazara bai zo ba. Abin da ya rage shi ne sanyin hunturu da hazo, shi ya sa aka ce kowane tsoho ya zo da bargonsa.

Na Gana sun fi shan hanya. Tsohuwar hanyar arewa ta Yamai da Wagadugu, wadda mutanenmu suka saba bi, ba ta da tsaro yanzu, dole aka gangara Legas, tafiyar kusan kilomita dubu, sannan a bi bakin teku. Iyaka uku ce a gaba: Seme, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, da Aflao. Kowace akwai hatimin fita da na shiga, shida ke nan a zuwa, shida a dawowa. Mun hana kowa tafiya da motarsa, domin takardun mota da inshorar ƙetare da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa a iyaka uku sun fi kuɗin bas wahala. Muna gode wa 'yan uwanmu na Agege da suka sauke ayarin suka bar tsofaffi suka huta kafin a ci gaba, da na Nima da suka tarbe su a Accra suka sa su a motar Kumasi. Agogon Togo da Gana yana bayan namu da awa ɗaya, ƙaramin abu ne, amma ya isa ya sa mai tarba ya yi tsayuwar banza a tasha.

Mutanen Kumasi, na Aboabo da Asawase da Sabon Zongo, ba mu san da wane baki za mu gode muku ba. Fataucin goro ne ya kai kakanninmu can, kuma kun riƙe sunayensu fiye da yadda muka riƙe. Kun kai baƙinku maƙabarta, kun nuna musu kaburburan da ba su samu halartar jana'izarsu ba. Kun ara musu layukan waya, tunda rajistar sabon layi ga baƙo doguwar magana ce. Mun ja wa yaranmu kunne tun a gida kada wanda ya yi dariya in ya ji an ce wa mace "ya zo", Hausar zango haka take, kuma da ita aka riƙe mana zumuncin nan tun kafin a haife su.

Masu masauki a duk garuruwan, mun san abin da baƙi suke ci a wannan tsadar. Tsarin da uwayen gida na Maraɗi suka kawo shi aka bi ko'ina: gida ɗaya na kwanan maza, ɗaya na mata, girki kuma a karɓa bi da bi, gida ɗaya a kowace rana. In ba a yi haka ba kowane gida sai ya yanka kaza ya dafa shinkafa, baƙo ya ci a gida na farko da na biyu, na biyar ya ga an taɓa kwanonsa kaɗan ya ji haushi, abinci ya lalace, wani ma bashi ya ci ya dafa. Sauran gidaje ruwa da fura sun wadatar. Kwamiti ya tura kuɗin cefane tun kafin ayari ya isa, ta hannun uwargida, a asirce, don kada a ji kunyar karɓa. Babu ayarin da ya wuce cikin mota biyu, domin fiye da haka ya zama biki, kuma ba a gaisawa da kowa yadda ya kamata.

'Yan kasuwarmu na Kantin Kwari sun ba da kayan tsaraba a farashin sari. Abin da aka tsayar shi ne turmin atamfa, yadi shida, ga kowace mai jego da kowace amarya, shadda yadi biyar da hula ga dattawa, sabulu da turare ga masu jinya, duk iri ɗaya don kada a gwada a ga bambanci. An ɗaure na kowane gida daban da sunansa a jiki. Turamen da aka tara a dila ɗaya kama suke da kayan sayarwa, kuma za a nemi a biya musu kuɗin fito. A dawowa an hana ɗauko shinkafar waje, tunda an haramta shigo da ita ta iyakar ƙasa. Kilishi da cuku da dabinon da mutanen Damagaram suka haɗo sun iso lafiya. Goron Kumasi, ƙwarya-ƙwarya, ɗari a kowace, an naɗe shi a ganyen fita, ana yayyafa masa ruwa, ba a sa shi a bayan mota inda zafi yake ba. Goron da aka toshe a leda gumi yake yi ya ruɓe kafin a kai Legas. An raba wa gidajen Kano nasu.

Akwai waɗanda ba a kai gare su ba, kuma muna neman afuwarsu. 'Yan uwanmu na Sudan, na wajen Mai Wurno, yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya warwatsa da yawansu, wasu lambobinsu ma sun daina shiga. Duk wanda yake da labarin wani a cikinsu ya sanar da kwamiti. Gidajen da ke ƙauyukan yammacin Katsina kuma dattawan can ne da kansu suka ce kada a zo, suka fito gari aka gaisa, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe yana hannun ma'aji, za a karanta shi a taron zuri'a mai zuwa. Littafin kuma yana nan a buɗe wajen magatakarda. Wanda ya ga an tsallake gidansa, ko an rubuta sunan ɗansa ba daidai ba, ko an yi rasuwa ko haihuwa bayan wucewar ayari, ya aiko a gyara kafin a buga kwafin da za a aika wa kowane gari.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin zumunci, a madadin dattawan zuri'a.