Abin da aikin talla ya koya mini game da matasa

Daƙiƙa biyar YouTube ke ba mai talla kafin maɓallin tsallakewa ya bayyana. A TikTok da Instagram ko wannan ɗin ma babu, yatsa ɗaya ya ja allo sama, shi ke nan an wuce ka. Duk mai shirya talla don 'yan shekara 18 zuwa 30 da wannan lissafi yake kwana yake tashi, kuma da yawa daga cikin abokan aikina sun ɗauka maganin abin shi ne ƙarin hayaniya: kiɗa mai ƙarfi, launuka masu ɗaukar ido, hotuna na wucewa kamar walƙiya. Hayaniya takan tsayar da yatsa na ɗan lokaci, ban musa ba. Amma shekarun da na yi a wannan aiki sun nuna mini cewa tsayar da matashi ba shi ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne ya ɗauki abin da ka yi ya kai wa abokinsa da kansa, ba tare da ka roƙe shi ba.

Kafin mu saki talla mukan tara wasu matasa mu tura musu shi a wayoyinsu. Idan ka tambaye su ko ya yi kyau, kusan kowa zai ce ya yi, don kara. Shi ya sa babban yatsansu nake kallo. Akwai yatsan da ke shawagi a saman allo tun daƙiƙar farko, yana jiran a gama ya huta. Akwai kuma wanda ke sauka gefe, mai wayar ya ɗan karkato da ita wajen na kusa da shi yana murmushi. Wannan karkatowar nake nema. Tambaya ɗaya nake yi musu a ƙarshe: wa za ka tura wa wannan? Idan aka yi shiru ana kallon juna, to akwai sauran aiki, komai kuɗin da aka kashe wajen ɗaukar bidiyon. Idan kuwa wani ya ambaci ƙanwarsa ko abokin karatunsa ba tare da ya tsaya tunani ba, na san mun kama hanya.

Matashi ba ya tura talla don ya taimaki kamfani. Yana tura abin da ke ba da labarinsa, ko abin da zai ba shi dalilin yi wa wani magana. Kamfanin Coca-Cola ya gane haka a Ostireliya a 2011, lokacin da ya ga matasa da yawa sun ja baya da lemonsa. Sai ya cire sunansa daga gefe ɗaya na kwalba, ya buga sunayen mutane 150 da suka fi yawa a ƙasar. Lemon bai canza ba, amma sai ga mutane suna jujjuya kwalabe a kanti suna neman sunansu ko na wanda suke so, suna ɗaukar hoto suna turawa. Daga baya dabarar ta zaga gomman ƙasashe. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne ƙarfin halin wanda ya amince a ɗauke tambarin da aka shekara sama da ɗari ana ginawa, a ba wani baƙo wurin.

Spotify, kamfanin manhajar sauraron waƙoƙi, ya bi irin wannan hanya tun 2016. A ƙarshen kowace shekara yana haɗa wa kowane mai amfani da manhajar taƙaitaccen labarin abin da ya saurara: mawaƙin da ya fi ji, waƙar da ya fi maimaitawa, mintuna nawa ya ɓatar. An tsara shi daidai girman allon waya don a wallafa shi da taɓawa ɗaya. Miliyoyin mutane ke yi wa kamfanin talla kyauta a wannan mako, kuma babu wanda ke jin talla yake yi, kansa yake nunawa. Haka gangamin zuba wa kai bokitin ruwan ƙanƙara na 2014, wanda ya tara wa ƙungiyar Amurka mai yaƙi da ALS, cutar da ke lalata jijiyoyin motsa jiki, dala miliyan 115. Ƙashin bayansa shi ne kowa ya kira sunan abokansa a bainar jama'a ya ƙalubalance su.

Faɗin wannan a ofis ya fi aikata shi sauƙi. Mai kaya shi ke biyan kuɗi, kuma kusan kullum maganarsa ɗaya ce: a ƙara girman tambari, a ambaci sunan kayan tun farko, a jero amfaninsa duka. Ba na ganin laifinsa, dukiyarsa ce ya zuba, yana so ya gan ta. Sai dai duk gurbin da tambari ya cinye, gurbin mai kallo aka rage. Rabin aikina ya zama lallashin mai kaya ya ɗan ja da baya, kuma na lura jayayya ba ta cin nasara a nan. Abin da ke ci shi ne a saki samfuri biyu ga ƙananan rukunai, a ajiye masa alƙaluma a gabansa. Alƙaluman ma sai an zaɓa. Yawan waɗanda suka kalla yana da daɗin karantawa a rahoto, amma a wasu kafafen daƙiƙa biyu ko uku kawai ake ƙirgawa a matsayin kallo. Na fi ba da muhimmanci ga waɗanda suka adana, suka tura, ko suka dawo suka saya.

Wani wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne aron bakin matasa. Salon maganarsu yana tsufa da wuri, kafin a gama zaman amincewa da rubutun talla sun yar da kalmar sun ɗauki wata, kamfani ya fito kamar dattijon da ya sa rigar jikansa. Aron damuwarsu ya fi wannan haɗari. A watan Afrilun 2017 Pepsi ya saki tallan da fitacciyar mai tallan kayan ado Kendall Jenner ta shiga cikin masu zanga-zanga, ta miƙa wa ɗan sanda gwangwanin lemo, sai kowa ya ɓarke da murna. A lokacin matasa baƙar fata a Amurka suna fita titi kan kisan da 'yan sanda ke yi wa 'yan uwansu. Washegari kamfanin ya janye tallan ya ba da haƙuri. A shekarar da ta biyo baya Nike ya sa fuskar Colin Kaepernick, ɗan wasan da ya durƙusa lokacin taken ƙasa don nuna adawa da wannan zalunci, ya kuma rasa gurbinsa a wasa. Wasu sun ƙona takalmansu don fushi, Nike bai janye ba. A ganina bambancin a bayyane yake. Ɗaya ya so ribar batun ba tare da ya yi asarar ko mutum ɗaya ba, ɗayan ya san zai rasa wasu masu saye ya yarda. Matasa suna da hancin shinshino wannan.

Ƙarfin da nake yabo a sama shi ne kuma abin da ke hana ni sakin jiki. Saƙon da ya zo ta hannun aboki, ko ta bakin wanda kake bi kullum a waya, yana shiga inda tallan talabijin ba ya shiga, domin mutum ya ajiye garkuwarsa. A ƙarshen 2016 fitattun masu ɗimbin mabiya suka wallafa hoton murabba'i mai launin ruwan goro a Instagram don tallata wani bikin kiɗa mai suna Fyre a tsibiran Bahamas. A matsayin dabara abin ya yi aiki sosai. Matasan da suka biya suka isa a Afrilun 2017 sun tarar da tantuna a fili, babu bikin da aka yi musu alkawari, kuma wanda ya shirya, Billy McFarland, an yanke masa ɗaurin shekara shida. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa tauraruwar talabijin Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani kuɗin kirifto ba ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. A shekarar dai kamfanin sigarin lantarki na Juul ya amince ya biya dala miliyan 438.5 ga jihohin Amurka sama da 30, bayan binciken yadda tallansa ya ja yaran da ba su kai shekarun shan taba ba. Duk waɗannan ayyuka sai da suka bi ta teburin masu sana'a irin tawa, mutanen da suka san abin da ke tsayar da yatsa.

Shi ya sa nake da sharuɗɗa kafin in karɓi aiki. Idan za mu yi amfani da mai mabiya, sai ya faɗi da bakinsa a farkon bidiyo cewa talla ne, ba a cusa kalmar a ƙasan rubutu inda ba a gani ba. Wasu masu kaya suna tsoron hakan zai kashe armashin abin, amma abin da na gani shi ne mabiya ba sa ƙin a biya wanda suke so, ɓoyewar ce ke ɓata musu rai. Ina kuma neman in riƙe kayan a hannuna, in gwada, in karanta ƙananan rubutun sharuɗɗansa. Manhajojin caca da na bashin gaggawa suna yawan neman masu iya magana da 'yan shekara ashirin, kuma suna biya da kyau. Na zauna da wasu, na tambaye su nawa wanda ya makara da biya zai tarar a kansa bayan wata uku, da yadda suke tantance shekarun mai buɗe asusu. Inda aka yi ta kewaye-kewaye ba a ba ni amsa ba, ban karɓi aikin ba.