Wannan 96% din da suke rubutawa a jikin silot

Na dade ina ganin RTP 96% a jikin wasannin silot, wato cacar nan da ake danna maballi hotuna su juya a allo, kafin na gane abinda yake nufi, kuma wallahi gurguwar fahimtar da na yi masa ita ta fi komai cin kudina. A tunanina lokacin idan na zuba 100 ko ya ta kaya zan tashi da 96, asarar 4 ai ba wani abu bane. Ashe ba haka lissafin yake ba sam.

RTP din kaso ne na duk kudin da aka zuba a wasan wanda ke komawa hannun 'yan wasa gaba dayansu, ba kai kadai ba, kuma akan miliyoyin juyi ake auna shi ba juyi 200 da zakayi kana kwance da waya ba. Ragowar 4 din rabon gidan caca ne. Inda abin yafi ciwo, ba daga kudin da ka saka a akawun ake yankar 4 din ba, daga kowane danni ne. Ka saka 100 kana danna 1 a kowane juyi, ka ci 3 ka mayar, ka ci 8 ka mayar, cikin awa daya sai kaga kayi juyi 600 baka ma sani ba, to kudin da ka juya 600 ne ba 100 ba, kaso 4 na 600 kuwa 24 ne. Awa hudu a haka a matsakaicin lissafi kudin ya tafi, kuma wasan bai maka karya ba, 96 dinsa na nan daram.

Sai kuma bolatiliti, wato zafin wasan. Wasan Starburst na kamfanin NetEnt 96.09% ne, wasan Book of Dead na kamfanin Play'n GO 96.21%, a takarda kamar abu daya amma a hannu ko kusa. Starburst mai sanyi ne, yana dan tsakuro maka akai akai, kudin na zurarewa a hankali har ka dauka kana nan inda kake. Book of Dead kuwa sai ya shanya ka juyi hamsin ba wani abin kirki, saboda kaso mai yawa na 96 din an tara shi ne a juyin kyauta guda 10 da sai hoton littafi uku sun fito a allo ake budewa, da manyan ci irin ninki 5,000 wanda yawancinmu ba zamu taba gani ba. Na sha zama littafi biyu sun fito ina kallon sauran layukan gabana na faduwa, na ukun bai zo ba, sai naji wai saura kiris, in kara kudi.

Babu wani saura kiris. Manhaja ce ke zabo lamba barkatai a kowane danni, bata san ka fadi sau arba'in ba, batun wai wasa ya cika ya kusa saki zancen mu ne kawai.

Masu jakpot kuma, wato babbar kyautar nan da ake tarawa, RTP dinsu kan yi kasa, wasan Mega Moolah 88.12% ne. Sannan wasa daya kan fito da RTP kala kala, gidan caca ya zabi wanda yaga dama, shi yasa lambar dake cikin shafin bayani na wasan ita ce abin dubawa ba ta talla ba.

Abin da yafi bata min rai shine kidan nan. Ka danna 1 a baka 0.40, allo ya hau walkiya da kida kamar ka ci, alhali 0.60 ka rasa. A Birtaniya hukumar caca ta hana wannan a 2021, ta hana juyi mai danna kansa, ta ce dole kowane juyi ya kai dakika 2.5, kaga su ma sun san saurin ne ke cinye mutum.

Ranar da na bude tarihin akawun dina na tara duk abin da na danna a wata daya, sai naga ya ninka abin da na saka fiye da sau goma. Na fitar da kaso 4 dinsa a kalkuleta, lambar da ta fito bata da nisa da abin da na rasa. Tun daren ban kara saka ko sisi ba.