Abin da na koya daga aikin zafin da tashar nukiliya ke zubarwa

Ga ƙannena da za su gaji aikin da na bari a rukuninmu na bincike, akwai abin da ya kamata ku sani kafin shugaba ya miƙa muku fayil ɗin.

Duk wanda ke wannan fage ya san cewa kusan kashi biyu cikin uku na zafin da tukunyar nukiliya mai sanyaya da ruwa ke samarwa ba ya zama lantarki, teku ko kogi ko hasumiyar sanyaya ke shanye shi. A kan wannan adadi shugabanmu ya ɗora shawarar neman kuɗin bincike da muka rubuta gaba ɗaya, wai za a haɗa tashar da faifan hasken rana, a kuma ɗumama gidaje da tace ruwan gishiri da wannan zafi ba tare da an yi asarar komai ba. Da aka ba ni lissafin, sai na nuna masa cewa ruwan da ke fitowa daga na'urar mayar da tururi ruwa, wanda shi ne ke ɗauke da wannan zafi, bai cika wuce digiri 30 zuwa 40 ba, alhali bututun ɗumama gari yana bukatar digiri 80 zuwa sama da 100. Mai son zafi mai amfani dole ne ya zaro tururi daga tsakiyar injin da ke juya janareta, kuma duk tururin da ya zara, lantarki ne ya rage. Haka ake yi a tashar nukiliya ta Beznau da ke Suwizalan tun shekarun 1980, haka tashar Haiyang ta ƙasar Sin ta fara a 2019, kuma tashar Aktau ta Kazakistan, wadda ta yi aiki daga 1973 zuwa 1999, da tururi na gaske ta tace ruwan Tekun Kasfiya.

Shugaba ya cire babin da na rubuta kan wannan lissafi, ya ce a gaban jama'a ina rage wa aikin kwarjini a idon masu ba da kuɗi. Ba a jima ba masu tantancewa suka dawo da shawarar da tambaya guda, wato ina lissafin lantarkin da za a yi asara. Aka zaro babin daga inda aka jefar da shi, aka mayar da shi wurinsa ba a canza ko waƙafi ba, sai dai da sunan wani a kansa. Ban tanka ba, domin a lokacin takardar kammala karatuna tana jiran sa hannunsa.

Sauran darussan gajeru ne. Zafi ba ya jure doguwar tafiya kamar lantarki, don haka ku auna nisan gari kafin komai. Ku sa zagayen ruwa na tsakiya tsakanin tashar da bututun ɗumama gari don kada ruwansu ya gauraya, kuma ku tanadi tukunyar dafa ruwa ta ko-ta-kwana saboda makonnin da ake kashe tashar don canza makamashi. Kowane lissafi kuka gama, ku aika wa shugaba a rubuce da kwanan wata, ku ajiye kwafinku a wajen kwamfutar ofis.