Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Alhaji ya gan ni a waya kafin ya gan ni da ido

Makon jiya na tsaya ne inda furojen da nake wa aiki ya naɗe tabarmarsa, 'yan watanni bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar. Iyakar Ɗan Isa, tsakaninmu da Najeriya, a rufe, wutar lantarki sai ta ga dama, takardar digirina ta aikin gona daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuwa tana cikin leda a ƙarƙashin katifa.

Wuri bakwai na kai dosiyen neman aiki, shiru kake ji. Wani dare a fadarmu ta unguwar Zariya a Maraɗi, ana jiran shayi na biyu, abokina ya ce yanzu wanda ba shi da LinkedIn, shafin neman aiki na intanet, ko sallamarsa ba a amsawa. Na ari kwat, na tsaya jikin farin bangon maƙwabta aka ɗauke ni hoto, na zuba jika biyu na intanet. Wata huɗu, mutum guda ne ya yi mini magana, shi ma karatu yake tallatawa.

Abin da ban ɗauka a bakin komai ba shi ne bidiyon da na sa a Facebook saboda zaman banza ya ishe ni. Waken Inna nake zubawa a buhun PICS, ina bayani da Hausa: leda biyu a ciki, buhun saƙa a waje, ka matse iska, ka ɗaure kowanne daban, ƙwaro ya shaƙe ya mutu ba tare da ka barbaɗa magani ba. Har akuyarta ta shigo tana jan bakin buhun. Ina jin akuyar ce ta sa ya yi yawo a WhatsApp, ba ilimina ba.

Ranar wata Laraba baƙuwar lamba ta kira.

"Yaro, kai ne mai buhu?"

"Ni ne, Alhaji."

"Ɗan wane ne kai?"

Babban ɗan kasuwar wake ne, yana neman mai kula masa da sito. Daga baya na ji kafin ya kira sai da ya aika wurin limamin masallacinmu aka tambayi halina, har da ko ina cin bashi.

Na je da kwat ɗin aro, zufa na karyo mini. Bai ko buɗe dosiyen ba. Ya sa aka kwance buhu, ya ce in ɗaure a gabansa. Na ɗaure, ya danna da gwiwa, iska ba ta fita ba, ya gyaɗa kai.

Muna shirin maganar albashi sai ɗansa ya matso ya miƙa masa waya. Wani rubutuna ne na 2019, wanda na manta da shi sarai, inda na ce masu ɓoye hatsi a sito har farashi ya hau ba za su gama da duniya lafiya ba.

Alhaji ya gyara tabarau, ya ce, "Karanta mini da bakinka."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.